Bakin Ƙasa Shi Ne Farko

Yau zancenmu na maharba ne.

Bindiga mai baki biyu iri biyu ce. Akwai mai baki gefe da gefe, akwai mai baki ɗaya bisa ɗaya. A kan ta biyun nan zan yi magana.

Kowa ya sani in an harba bindiga takan yi shuri, ta doki kafaɗa. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke tura bindiga baya. To, bakin ƙasa ya fi kusa da daidai kafaɗa. In ka fara da shi, shurin zai zo miƙe, kafaɗa ta tare shi. Bakin sama kuwa ya ɗara shi tsayi. In ka fara da shi, sai bindiga ta ɗaga kai.

Ga misali. Zabi biyu sun tashi a gonar dawa. Ka harbi na farko da bakin sama, bindiga ta ɗaga. Kafin ka maido ta, na biyu ya yi nisa. Ka harba cikin gaggawa, ka yi asarar harsashi, ko ka raunata tsuntsu ya mutu a daji a banza.

Don haka ku fara da bakin ƙasa. Ku danna gindin bindiga a kafaɗa sosai. Kada ku harba sai kun tabbata babu mutum a gaba.

Allah ya kiyaye, amin.