Littafi a Cikin Gidan Roba: Kasadar Neman Ƙarin Maki



Kowane ɗalibi a nan ya san wannan hali: an ba ka maki, zuciyarka ta ce an kware ka, kana tunanin ko ka nemi a sake duba takardarka. To, a Amurka akwai mutanen da ke shiga irin wannan zullumi a kan littattafan zane, wato irin na Superman da Spider-Man, kuma dukiya mai yawa ce a tsakani. Don ku san ba wasan yara ba ne, a shekarar 2024 an yi gwanjon fitowar farko ta Action Comics, ta 1938, a kan dala miliyan 6.

Tun shekarar 2000 kamfanin CGC, wanda ke Sarasota a jihar Fulorida, yake auna lafiyar waɗannan littattafai. Masanansa sukan dubi bango da kusurwoyi da launin takarda, su ba da maki daga 0.5 zuwa 10, sannan a like littafin cikin gidan roba mai garai-garai tare da takardar shaida. Daga ranar ba mai sake karanta shi, abin da ni dai har gobe yake ba ni mamaki. Tsakanin 9.6 da 9.8 idon irinmu ba zai ga bambanci ba, amma a kasuwa kuɗin yakan yi tsalle ƙwarai. Shi ya sa mai 9.6 ba ya samun barci. Sai ya mayar da littafin a danne shi da zafi da ɗan laima, kamar guga, don lanƙwasa ta baje, a sake aunawa. Gugar ba ta ɗinke yagewa, ba ta kuma mayar da launin da ya karye a kan lanƙwasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne littafin da marubuci ko mai zane ya sa wa hannu. Kamfanin yana ba da shaida mai ruwan ɗorawa ne idan wakilinsa na tsaye aka sa hannun. Ashe ke nan darajar ba ta tawada ba ce kaɗai, ta shaidar ido ce. Idan mai littafi ya yi gaggawa ya fasa robar da kansa a gida, ya tsinke igiyar shaidar. A da, sai dai a ba shi koriyar takarda, wadda ke nufin akwai rubutu a bango amma ba mai tsaya masa. Tun 2024, da kamfanin ya sayi JSA, masu tantance sa hannu, ana iya bincikawa a ba da wata shaidar daban. Amma wadda aka tantance daga baya ba ɗaya take da wadda aka gani da ido ba. Ku ɗauki Stan Lee, wanda ya rasu a Nuwamba 2018 yana da shekara 95. Wanda ya ɓata shaidar sa hannunsa, wa zai kira ya sake masa?

Saboda haka masu hankali sukan aika littafin a rufe yadda yake, kamfanin ya buɗe da kansa. Ko da hakan, ba a yi wa kowa alkawari ba. Tsohon maki ya tafi ke nan da zarar an buɗe. Mai dubawa na yau yana iya hango abin da na jiya ya tsallake, 9.6 ta koma 9.4, ga kuɗin guga, ga na aunawa, ga na sufuri da inshora, duk an biya.

Malam Shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.