Akwatin Lasifika a Ƙasar Kurfai: Ina Wurin Firinta, Ina Wurin Kafinta?



Filinge, a nan ƙasar Kurfai, gari ne mai amfani da sauti. Ladan na bukatar lasifika, haka mai tallan magani ranar kasuwa, da gidan biki, da rumfar cajin waya inda samari ke zaman hira. Amma idan akwatin ya lalace, sau da yawa sai an aika Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, ko a haƙura da wanda ke kaɗawa kamar zai tsage. Yanzu kuma matasanmu suna gani a waya yadda ake gina akwatin lasifika da firintar 3D, wadda ke narkar da zaren roba tana ɗora shi layi bisa layi har abu ya tashi. Tambayar da nake so mu duba ita ce ko wannan na'ura tana da amfani a nan. Amsata: tana da shi, amma ba a wurin da ake zato ba.

Mu fara da aikin akwatin. Lasifikar da muke amfani da ita, mai maganaɗisu da naɗin waya da faifan takarda, ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg a Amurka a 1925. Idan faifan ya tura iska gaba, a bayansa janye ta yake yi. In ba shamaki, iskar gaba sai ta zagayo ta cike gurbin ta baya, sautin mai kauri ya ɓace. Shi ya sa lasifika tsirara a hannun mai gyaran rediyo ke kuka siriri, amma da an kifa ta a bakin tulu sai muryarta ta cika. Akwati ke raba iskar biyu, kuma girmansa ba na ganin dama ba ne. Neville Thiele na Ostireliya a 1961, da Richard Small bayansa, sun nuna cewa kowace lasifika tana da yawan iskar da ya dace da ita, kuma ana iya lissafa shi kafin a yanka katako.

A nan matsalarmu take. Kafintocinmu sun iya aiki, sai dai ba wanda ya ba su ma'auni. Ana kawo lasifika a ce a yi mata gida, a fasa rami a gaba saboda an ga na kanti yana da shi. Alhali ramin nan bututu ne mai ƙayyadajjen tsawo da faɗi, wanda ke amsa wa iskar cikin akwati a wani sauti guda. In ya gajarta fiye da kima, akwatin sai ya riƙa buga gum-gum a wuri ɗaya, a ƙasa da haka kuma faifan ya yi ta tsalle ba tare da sauti ba har ya yage.

To firinta fa? Irin wadda ake ɗorawa a kan tebur, da yawansu abin da suke iya ginawa bai wuce santimita 22 a tsawo, 22 a faɗi, 25 a tsayi ba, wato kimanin lita 12. Lasifika mai inci 12, irin ta gidan biki, takan so lita hamsin ko fiye. Ko ƙaramin akwati ma yakan ci yini guda cur, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin na iya tashi a banza, ga zaren daga waje ake kawo shi. Sannan ga zafi. Zaren da aka fi samu, PLA, yana fara laushi a wajen digiri 60 na Salshiyos. Duk wanda ya taɓa ƙarfen babur da azahar a watan Afrilu a nan Dallol Boso ya san baƙin akwati da aka bari a rana zai iya kaiwa nan. Bakinsa zai lanƙwashe, kusoshi su saki, iska ta samu mafita. Zaren PETG ya fi jurewa, har wajen digiri 80, kuma shi nake ba da shawara ga duk abin da zai fita rana.

Saboda haka, a bar wa kafinta jikin akwati. Katako mai kauri ba ya rawa kamar roba, kuma a nan ake gyara shi. A ba firinta ƙananan abubuwan da zarto ba ya iya fitarwa daidai: bututun iska mai baki buɗaɗɗe, da zoben da zai sa ƙaramar lasifika ta zauna a ramin da ya fi ta faɗi, da ƙahon ƙaramar lasifikar sauti siriri, da kofin da wayoyi ke shiga, da ƙafafun da za su ɗaga katako daga ƙasa saboda gara. Waɗannan aikin sa'o'i kaɗan ne, batir da faifan sola sun ishe su. Wanda kuma ya nace sai ya gina ƙaramin akwati na ɗaki, ya bar bangonsa da rami a ciki ya ɗura busasshen rairayi, wanda ba ma rasa shi a Kurfai.

Batun canza lasifika da wadda ta fi ta, nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa, kuma abin yana damuna. Mai saye lambar wat kawai yake dubawa a jikin kwali. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, ɗan bambanci ne a kunne. Abin dubawa shi ne om, ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki. Lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 4. Biyu masu om 4 sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa ɗaukar wannan, sai zafi, sai hayaƙi. Kafin a rufe akwati, a ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 a taɓa wayoyin: faifan zai leƙo waje ko ya nutse. Lallai dukkan lasifikun su motsa gefe ɗaya, in ba haka ba suna cinye sautin juna. Bayan an rufe, a saki kiɗa mai kauri, a bi gaɓoɓin da bayan hannu. Inda aka ji iska na hurowa, a cike da gam.

Kada wani ya ce firintar 3D ta fi ƙarfinmu. A Lome ta ƙasar Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D a cibiyar WoeLab daga ɓaraguzan tsofaffin kwamfutoci da firintoci. Zanen irin waɗannan na'urori a buɗe yake ga kowa tun aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005.

Shawarata ga mahukunta da masu cibiyoyin koyon sana'a ita ce firinta ɗaya ta isa garin Filinge, a ajiye ta a ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga, da mita mai auna om a gefenta. A zaunar da kafinta da mai gyaran rediyo da yaro mai iya kwamfuta a aji guda, a fara da tsofaffin akwatunan masallatai da makarantu da ke jibge a lungu, a auna litar kowanne, a rubuta a jikinsa.