Renon Furanni Da Itatuwan Ado A Bakin Jakara: Jawabin Malamin Gona

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Kowa ya san Jakara. Tana ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan kwatami da na mahauta. Can gaba rafin Getsi ya haɗu da ita da ruwan masana'antun Bompai, har da na majema, su zarce madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Da wannan ruwa ne masu lambu a Kwakwaci da Gama ke ban-ruwan latas da kabeji da karas, waɗanda sau da yawa ɗanye ake cinsu. To, ga inda gizo ke saƙar: ruwan na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayoyin cutar gudawa, da gubar ƙarfe. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan noma da irin wannan ruwa, kuma cikin shawarwarinta akwai shuka abin da ba a ci. Furanni da itatuwan ado suna cikin wannan sahu.

Ba cewa nake ku bar kayan miya ba. A'a. Ku ware kusurwar da ruwanta ya fi muni, ku soma da leda 100. Masu gidaje a Nasarawa, da makarantu, da masallatai, da otal-otal, duk suna neman dashe, musamman da faɗuwar damina.

Iri uku zan ba ku, don sun san zafin Kano.

Na ɗaya, lalle. Yana yin shinge mai kyau, furensa akwai ƙanshi, ganyensa kuɗi ne. Ana dasa reshensa ko a shuka iri. In iri ne, ɓawonsa na da tauri, sai a jiƙa shi kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwan kullum. Amma lallen da za a yi ƙunshi da shi jikin mutum zai hau, saboda haka shi a ba shi ruwan rijiya.

Na biyu, boganbiliya, wato mai ƙayar nan da ke hawa katanga ta yi ja ko fari. Ba ta son ruwa da yawa. In ka cika mata ruwa da taki, sai ta yi ta ganye, fure kuwa babu.

Na uku, kariya. Tana fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ku yi hattara, ruwan jikinta dafi ne. Kada ya shiga ido, kada yara ko awaki su kai gare ta.

Yanzu ga yadda ake aikin.

1. Ƙasa. A haɗa kwano 2 na ƙasar sama, da kwano 1 na rairayi, da kwano 1 na takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kariya a ƙara mata rairayi.

2. Leda. In babu baƙar ledar reno, ledar fiya-wata ta isa ƙaramin dashe. A huda gindinta wuri 4 ko 5 don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

3. Yanka. A zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin fensir, tsawonsa inci 6 zuwa 8, mai ido 3 ko 4. A yanka da wuƙa mai kaifi da sassafe, a zage ganyen ƙasa, a binne rabinsa, idon na kallon sama. Reshen kariya kuwa a bar shi a inuwa kwana 2 ko 3 bakin yankan ya bushe tukuna, in ba haka ba ruɓewa zai yi.

4. Inuwa. A kafa rumfar zana ko ta kara, a jera ledojin a ƙarƙashi. Da sanyin hunturu saiwa ba ta saurin fita. Ya fi kyau a yanka a watan Maris ko Afrilu, dashe ya kai sayarwa a Yuni ko Yuli. Boganbiliya takan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin ta yi saiwa, don haka kada a riƙa tumɓuke ta ana dubawa.

5. Ban-ruwa. A fara tara ruwan rafi a rami ko a duro ya kwana, dauɗa ta kwanta. A zuba a gindi da safe ko da la'asar. In kun ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa, ko bakin ganye na ƙonewa, gishiri ne ya taru. A kwarara ruwan rijiya har ya fita ta ƙasan leda.

6. Gara da ƙwari. A barbaɗa tokar murhu kewaye da ledoji. Ruwan dakakken irin darbejiya da ya kwana yana korar ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye.

7. Kafin sayarwa. Saura mako 2, a riƙa rage inuwa kaɗan-kaɗan har dashen ya saba da rana. A kuma riƙa ɗaga leda ana datse saiwar da ta huda ƙasa. Dashen da ya mutu a gidan mai saye, ya kashe maka ciniki ke nan.

Sai maganar lafiyarku. Furen ba a cinsa, amma ku ne ke shiga ruwan. A sa takalmin roba, a rufe ciwo in akwai, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kada a bar yara su yi wanka a ciki.

Da kaɗan-kaɗan ake koyon wannan sana'a. Wanda ledarsa 100 ta ba shi dashe mai rai bana, baɗi ya ninka. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah Ya sa albarka, amin.