Turaren Wuta Da Ciwon Kai: Ina Maganin Yake?



A ƙauyukan Minjibir, in ciwon kai ya kama mutum, tsohuwa takan zuba turaren wuta a kasko, ta ce ya shaƙa. Jim kaɗan sai ya ce ya sami sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. To, amma hayaƙin ne ya yi aiki, ko yarda?

A 1978, a Amurka, Levine da Gordon da Fields sun ba waɗanda aka cire wa haƙori allurar da ba magani a cikinta. Wasu suka ji zafi ya ragu. Da aka ba su naloxone, wanda ke toshe aikin sinadaran kashe zafi na ƙwaƙwalwa, sai zafin ya komo. Ashe yarda kan sa jiki ya haɗa nasa maganin. Ƙamshi da lallashin tsohuwa suna iya tayar da wannan yarda.

Saboda haka, in an tura ku aiki karkara, kada ku raina kasko. Amma raguwar zafi dabam, warkewa dabam. Ciwon kai mai zazzaɓi da sandarewar wuya yana iya zama sanƙarau. Wannan sai asibiti, nan take.