Jawabi A Kan Man Shafawa Da Abin Da Ke Cikinsa

Idan hunturu ya kama, iska ta kan tsotse ruwan da ke cikin fatar mutum. Sai jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, faso ya kama dunduniya. A lokacin ne kasuwar man shafawa ta ke ci, don haka ya kamata jama'a su san abin da su ke saye.

Babban aikin mai na kirki shi ne ya tsare ruwan fata kada ya fita. Basilin, wanda wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ya yi wa rajista a 1872, daga ɗanyen man fetur a ke tace shi. Ba ya ciyar da fata da kome, rufe ta kurum ya ke yi, amma a wannan aiki da wuya a sami abin da ya fi shi. Gilisarin kuwa jawo ruwa ya ke yi ya riƙe. Man kaɗe na ƙauye, da waɗansu su ke rainawa don ba shi da kwalba mai ado, yana tausasa fata, yana kuma rufe ta. Dukansu sun fi amfani in an shafa su da fitowa daga wanka, tun jiki da sauran lema.

Man canza launi, watau bilicin, maganarsa daban ce. Lalle yana aiki, kuma a nan ne haɗarinsa ya ke. Waninsa yana da haidirokwinon, mai hana fata yin sinadarin da ke ba ta duhu, alhali kuwa wannan sinadari shi ne garkuwarta daga rana. Likitoci su kan ba da shi na 'yan watanni don maganin tabo, amma wanda ya yi shekaru yana shafawa ya kan iya samun baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya a 2001, Gana ta bi sahu a 2016. Wani kuma yana da sitiroyid, maganin kumburi da ƙaiƙayi. In an daɗe a kansa sai fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri.

Mafi muni shi ne zaiba. Tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta kai ga ɗan da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa mata iyaka a kayan shafa, amma har yanzu a kan same ta a waɗansu.

Mai saye ya duba lambar NAFDAC da jerin abin da aka rubuta a jikin kwalba. Man da aka haɗa a shago aka ɗura a roba babu suna, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki, sai ya bar shi.