Rubutun Shirinmu: Yadda MRI Ke Auna Jinin da Ke Shiga Ƙwaƙwalwa

 Wanda data ba ta bar shi ya saurara ba, ga shirin a rubuce.

Yau maganar ƙwaƙwalwa za mu yi, kuma daga gidanmu zancen ya taso. Ɗan yayata shekararsa 9, yana da sikila. Yaro ne mai kaifin basira, amma bara sai karatunsa ya fara ja baya, har a gida ana cewa wasa ne ya yi masa yawa. Da aka yi masa hoton MRI, sai ga wasu 'yan tabo a ƙwaƙwalwarsa, wuraren da jini ya taɓa gaza kai musu iska. Bai taɓa faɗuwa ba, bakinsa bai karkace ba. Ɓarnar a ɓoye ta faru. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na shiga karatu a kai.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce kacal ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Kuma ba ta da rumbun ajiya. Jini ya tsaya na 'yan mintoci, ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

MRI na yau da kullum tabon yake nunawa, wato bayan aikin gama ya gama. Amma akwai wata dabara da aka fito da ita a 1992, ana ce mata ASL, wadda ke auna tafiyar jinin kansa. Na'urar tana amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo ta yi wa ruwan da ke cikin jini alama a daidai wuya. Sai ta jira kamar daƙiƙa 2 jinin ya hau kai, ta ɗauki hoto. Ta sake ɗaukar wani ba tare da alamar ba. Kwamfuta ta cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne jinin da ya shiga kowane lungu. A babban mutum lafiyayye, kimanin mililita 50 ke ratsa kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa a minti ɗaya. Ba allura, ba ruwan gadoliniyam da ake ɗurawa a jijiya, shi ya sa ta dace da yara da masu ciwon ƙoda.

To ga abin da ya ba ni mamaki. Na ɗauka a mai sikila jinin zai ragu. Ashe ƙaruwa yake yi! Da yake jininsa ba ya ɗaukar isasshiyar iska, sai jijiyoyin su buɗe don su cike giɓin. Tunda sun riga sun buɗe, ranar da zazzaɓin cizon sauro ya zo jini ya ƙara yin ƙasa, babu sauran inda za su ƙara. Wa ke fara shan wahala? Wuraren da ke ƙarshen jijiyoyi, kamar gidan ƙarshen layi da ruwan famfo ba ya isa idan ƙarfinsa ya ragu. A nan tabon ya fi fitowa.

Na san MRI akwai tsada, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Amma akwai gwaji mai rahusa, TCD, da ke auna gudun jini a kai da sauti. Ana so a riƙa yi wa yara masu sikila duk shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana rage wannan haɗari.

Don haka in kuna da ƙane ko ƙanwa mai sikila, ku tambayi likitansu maganar TCD. In karatu ya ja baya, a faɗa wa likita kafin a ɗauko bulala. In kuma baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, kar a jira gari ya waye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.