In An Kama Naka: Yadda Ake Bin Sawunsa Daga Caji Ofis Zuwa Kotu

Jawabin da sashen agaji ya gabatar wa fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata a Sakkwato

  Mun san wasu tun da asuba suka baro gida, wasu ma sun bar aikin gona a tsaye.

Kun saba jinmu da maganar hatsi, rijiya da gidan sauro. Yau maganar takarda muka kawo, kuma ga dalili. Wata uwa ta zo ofishinmu tana kuka. Ɗanta ya shigo birni cin rani, yana kabu-kabu, sai aka kwashe su a wani samame da dare. Wata huɗu tana yawo. Ta sayar da awaki biyu ta ba wani mutum da ta tarar a ƙofar kotu, ya ce zai fito mata da shi, daga ranar ba ta ƙara ganinsa ba. Muka tambaye ta wane caji ofis aka kai yaron, ba ta sani ba. Wace kotu? Ba ta sani ba. Ashe duk inda ta je da sunansa na baftisma take tambaya, su kuwa sun rubuta shi da sunan da abokan aikinsa suke kiransa, suka haɗa da sunan ƙauyensu. Da muka gane haka, kwana biyu muka yi muka same shi a gidan yari yana jiran shari'a. Wannan uwa ba ta rasa ƙauna ba, ba ta rasa addu'a ba. Suna da lamba ta rasa.

Saboda haka abu na fari, tun ranar da labari ya iso, a samu mai rubutu ya rubuta. Duk sunayen da ake kiran mutumin, na gida da na majami'a da na makaranta da laƙabi. Rana da lokacin da aka kama shi, wurin da aka kama shi, da waɗanda suka gani. A san kuma ko 'yan sanda ne, ko sibil difens, ko jami'an hana shan miyagun ƙwayoyi, domin kowa da inda yake ajiye nasa. Kada uwa ko mata ta tafi ita kaɗai. Dattijo ko fasto ya raka ta, a tafi da katin shaida da hoton wanda ake nema.

A caji ofis akwai littafin da ake shigar da kowane kamu. Ba za a miƙa muku shi ba, kuma fayil ɗin bincike ba na iyali ba ne, kada ku ɓata bakinku a kansa. Amma kuna iya tambaya cikin ladabi: yana nan? Me ake zarginsa da shi? Wane ne ɗan sandan da ke binciken? Yaushe za a kai shi kotu? Ku rubuta sunan mai binciken, domin a hannunsa maganar take. In ya ce an tura ta sashen binciken manyan laifuffuka na jiha, ku rubuta ranar da aka tura. In kan kanta ba a saurare ku ba, ku nemi ganin DPO.

Waɗannan tambayoyi ba alfarma kuke roƙo ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai dai wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Yana da ikon ya yi shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Ku gaya wa yaranmu: kada su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa a sanar da dangin wanda aka kama ba tare da an caje shi ba, ba a kama wani a madadin wani, ba a kuma kama mutum don bashi kawai. Ita ce kuma ta ce babban majistare ya riƙa zagaya caji ofis kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace. Beli a caji ofis kyauta ne bisa doka. Mun san abin da kuke murmushi a kai, mu ma a ƙasar nan muke. Amma wanda ya zo da dattijo da biro da takarda, ba a yi masa yadda ake yi wa wanda ya zo da hawaye kaɗai.

Yanzu kotu, kuma nan muke so ku kasa kunne sosai. In 'yan sanda za su gurfanar da mutum gaban majistare, suna kai takardar ƙara ta farko, wadda ake kira FIR. Kotu tana ba shari'ar lamba. Wannan lamba ita ce igiyar da za ku riƙe har ƙarshe. Da ita magatakarda zai ciro fayil cikin ɗan lokaci, ba ita kuwa sai ya ce ku dawo gobe, kuma ba lallai mugunta ce ba, fayiloli ne jibge a gabansa. Kotunan majistare a cikin Sakkwato ba ɗaya ba ne, don haka ku san kotu ta nawa ce. Ku rubuta lambar shari'a, laifin da sashen dokar da aka ambata, da ranar da aka ɗage zaman. Ofishin rajistara za ku nufa kai tsaye. Mutumin da ya tare ku a ƙarƙashin bishiya ya ce ya san alƙali, ku gaishe shi ku wuce. Ranar zama ku zo da wuri ku duba jerin shari'o'in ranar. Zaman kotu a buɗe yake, ba a biyan kuɗin shiga, kuma wanda ake tuhuma in ba ya jin Turanci dole a ba shi tafinta kyauta, haka sashe na 36 ya ce. In an ba da beli, a karanta sharuɗɗan da kyau. Iyayenmu mata, dokar tarayya ta 2015 kan shari'ar laifuffuka ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar a 2019.

Tun shekara ta 2000 akwai kotunan shari'ar Musulunci masu hukunta laifi a jihar nan. An kafa su don Musulmi, ba a yi wa Kirista shari'ar laifi a can sai da yardarsa. In an kai naku can, ya faɗa tun zaman farko cewa shi Kirista ne, ya roƙa a rubuta, a kuma nemi lauya da sauri.

Inda mutane suka fi ɓacewa shi ne nan. In laifin babba ne, kamar fashi da makami ko kisan kai, majistare ba shi da hurumin yanke hukunci. Sai ya ba da umarni a ajiye mutum a gidan yari, wanda tun dokar 2019 ake kira gidan gyaran hali, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a don daraktan gabatar da ƙara ya ba da shawara, ko a kai Babbar Kotu ko a sake shi. Tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar fayil yana iya kwanciya wata da watanni, in ba mai tambaya. A Najeriya kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Masu karatun Littafi sun san wannan ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 24 da 25, gwamna Filikus ya bar Bulus a tsare shekara biyu yana sa ran a kawo masa kuɗi, kuma da Fastus ya gaje shi ya rasa laifin da zai rubuta a takarda. Bulus bai zauna shiru ba, ya san 'yancinsa, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar.

To, ku je gidan yarin ranar ziyara, ku nemi ofishin walwala. Ba sa karɓar kowa sai da takardar umarnin kotu, kuma a jikinta akwai sunan kotun, lambar shari'a da ranar komawa. Sau da yawa daga nan muke samo lambar da iyali suka rasa. Daga nan a rubuta wasiƙa zuwa Ma'aikatar Shari'a a tambaya ko fayil ya iso. In sun ce bai iso ba, a koma wurin mai bincike da wannan amsa. Babban Alƙalin jiha yakan kai ziyara gidajen yari, kuma wata doka ta 1977 ta ba shi ikon sakin wanda ya daɗe a tsare fiye da abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifin. Amma sai sunan mutum ya kai gabansa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, Legal Aid Council, wadda aka kafa tun 1976. Tana da ofishi a Sakkwato, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

In shari'a ta ƙare, kada murna ko baƙin ciki ya sa ku tafi hannu wofi. Sashe na 36 ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin shari'a, ya kuma ba wanda aka yi wa shari'ar, ko wanda ya wakilta, ikon karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7. A rubuta wasiƙa zuwa ga rajistaran kotun, a sa lambar shari'a, sunan kamar yadda yake a fayil, da ranar hukunci, a ce ana neman tabbataccen kwafi, wanda a can suke kira CTC. In wani ne zai karɓo, mai shari'ar ya ba shi izini a rubuce. A yi wasiƙar kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a naku ku riƙe. Akwai kuɗin da ake biya, amma na gwamnati ne, da rasit. Kafin ku fita ku duba: akwai hatimi, kwanan wata, sa hannu, suna da muƙamin wanda ya tabbatar? Haka Dokar Shaida ta 2011 take so. Hoton takarda da ba shi da waɗannan, wata kotu ba za ta karɓa ba.

Ku sa mai karatu ya duba muku kalma ɗaya. Sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama don masu ƙara ba su zo ba, ana iya sake kamo shi kan maganar. Wanda kotu ta wanke, ba a sake yi masa shari'a kan laifin nan. In tara aka yanka, a biya a kotu a karɓi rasit. Mun sha tarar da mutum a ɗaure don tarar da baikon Lahadi ɗaya zai biya, ikilisiyarsa ba ta ma sani ba.

Mai niyyar ɗaukaka ƙara kuwa, kwafin hukunci kaɗai bai isa ba, sai an nemi bayanin zaman duka, kuma lokaci ƙayyadadde ne: daga majistare yawanci kwana 30, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90. Manya a cikinmu suna tuna shari'ar Safiya Hussaini. A Oktoba 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa, a ranar 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a nan Sakkwato ta soke shi. Cikin dalilan akwai lissafin kwanaki: abin da ake zarginta da shi ya riga dokar fara aiki. A cikin rubutaccen bayanin shari'a alƙalai suka ga haka.

Wasu sun tambaye mu takardar shaidar hali da ake nema wajen fita waje ko wani aiki. Wannan ta 'yan sanda ce, ba ta kotu ba. Ana cike ta ta intanet, a biya, a ɗauki zanen yatsu, kuma mutum tasa yake nema. Wani dattijo ya ce a binciko masa mai neman 'yarsa. Baba, ba za mu yi ba. Kamu ba hukunci ba ne, doka tana ɗaukan mutum marar laifi har kotu ta tabbatar, shari'ar yara kuma a rufe take. Abin da mai rubutun ikilisiya ya gani a takardar wani, kada mu ji shi a bakin rijiya.

Roƙonmu ga kowace ikilisiya, ku zaɓi mutum biyu masu karatu da riƙon asiri, namiji da mace, ku saya musu littafi mai kauri, ku ware ɗan kuɗin mota daga asusun taimako. Takardun asali su zauna wurin iyali cikin leda, kwafi wurin fasto. Wanda yake da nasa a tsare yanzu, ya tsaya bayan addu'ar rufewa. Akwai tebur a bakin ƙofa, za mu rubuta sunayen duka, na gida da na baftisma.